Ƙwai a Kejin Bing-yiu

Ƙanwata Sau-lan,

Gaisuwa mai yawa. Ya ciwon gwiwar, ya mijinki da yara? Ni lafiyata ƙalau, kaina ne ya ɗaure. Mai rubutun bakin kasuwa ke rubuta miki, na ce kada ya gyara min magana.

Kin san Mak mai sanƙo, wanda kullum yake rataye kejinsa a ƙugiyar bakin taga a gidan shayin da mu tsofaffi muke kai tsuntsayenmu, wai wajen tsuntsun da ya fi waƙa ne. Na rantse sai na sauke shi. Na sayi ɗan tsuntsun wamei, irin mai waƙar nan, na lulluɓe kejin, na yi ta ɗura masa fara har damina ta wuce. Bai yi waƙa ba, na ce tara murya yake. Shekaranjiya na kai shi, na yaye mayafin a gaban kowa. Sau-lan, ƙwai na tarar a ciki. Mace ce, kuma mace ba ta waƙa!

Mak ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, wai tabarau ya faɗi, kin san abin da ake ce wa wanda lissafinsa ya kife. Ba laifina ba ne, mai sayarwar ne maƙaryaci. Na daina zuwa. Amma tun rasuwar matata, wa nake da shi in ba waɗannan 'yan iskan tsofaffin ba?

Yayanki,
Bing-yiu

Ƙanwata Sau-lan,

Ina gaishe ki, da fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Abin ya ƙara rikicewa. Mak ya hau benen gidana da kansa, yana haki, yana ce min Yaya. Wai da tsuntsayen tsofaffin nan suka ji ƙyas-ƙyas ɗin tsuntsuwata, sun yi waƙar da ba a taɓa ji ba, yanzu kuwa duk sun yi gum. Roƙona suke in dawo da ita.

Na ce ba zan je ba. Washegari na je, don kawai in ga ƙaryarsu. Suka rataye ta a tsakiyar ɗaki, suka cika min kofi. Tana buɗe baki, ɗakin ya ɗauka da waƙar mazan. Wanda ya fi kowa waƙa kuwa tsuntsun Mak ne.

To ki faɗa min, ke mai hankali: girmama ni suke, ko taimaka wa maƙiyina nake? Ban gane ba. Gobe ma zan je, amma ba zan gaishe shi ba.

Ki gaida mutanen gida.

Yayanki,
Bing-yiu