Kukana Kan Jan Ɗigon da Aka Ɗora wa Goɗiya

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Maharba ta yankin Kankia da Kusada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi wa Shugaba barka da aiki. Ina gaida Sarkin Baka da Magatakarda da sauran 'yan kwamiti, har da waɗanda suka yi dariya ranar gwajin harbi. Ban riƙe kowa a zuci ba, amma na ga fuskokinsu.

Ni ne Sule na Dudunni, wanda kwamitinka ya yanke wa hukuncin ya kawo katinsa da bindigarsa kafin ƙarshen watan nan, wai idona ya gama aiki. Na zo ofis ba sau ɗaya ba, kullum sai a ce Shugaba ya tafi taro Katsina. Shi ya sa na rubuto a fili, ko Allah zai sa takardar ta riske ka a can wajen taron.

Saboda waɗanda ba su san ta ba, bindigata ta ɗuri ce, gajeruwa, mai baki ɗaya. Marigayi mahaifina ya sa wani maƙeri a Tafashiya ya ƙera mashi ita. Ana ce mata Goɗiya saboda shuri. Gaba tana harbi, baya tana shuri, kuma ba kullum ake gane wanda ya fi jin jiki tsakanin abin da aka harba da wanda ya harba ba. Ni na saba da halinta, kafaɗata ta dama ma ta saba. Da ita nake korar birai daga gonar wakena. In babu katin ƙungiya kuwa, ranka ya daɗe ka san zamanin da muke ciki: tsoho da bindiga a bayan gari, sai ya kwana yana bayani kafin a yarda manomi ne.

Ga yadda abin ya faru.

Na farko. A taron da muka yi a Kankia kafin damina, kai da bakinka ka ce mu tsofaffi masu raunin gani an samo mana mafita. Ka ɗaga waya ka nuna mana wani Bature yana harbi da ɗan madubi kamar kwalin ashana a kan bindigarsa. A cikin madubin akwai jan ɗigo, duk inda ɗigon ya sauka nan harsashi ke zuwa. Muka yi kabbara. Na sayar da buhun wake na ba da nawa kason. Kwamiti ya tafi Kano ya sayo. Abin da nake son sani shi ne, da kwamiti ya isa wurin mai shago, an gaya mashi irin bindigogin da za a ɗora wa? Ko dai an ce a ba da mai araha guda kaza, a sa a leda?

Na biyu. Madubin da aka fara ba ni bai ga la'asar ba. Na ɗora, na kunna, ɗigo ya fito jajir, har maiɗakina ta leƙa ta ce abin kamar idon zakara. Na fita bayan gida na gwada a kan kututturen darbejiya. Harbi ɗaya. Da hayaƙi ya washe na duba, babu ɗigo, babu murfin batir, babu batirin kansa. Mun share wurin da tsintsiya ba mu gan shi ba. Akuyar maƙwabcina Malam Hudu tana kusa a lokacin, kuma har yau yana kallonta yana kallona.

Na kai wa Magatakarda ƙara. Ya ce albarushi na cika. Na ce yatsa uku nake ɗurawa, yatsa uku mahaifina ke ɗurawa, kuma ba a taɓa gaya mani za a rage wa Goɗiya abinci don a faranta wa madubi ba. Ya ba ni wani, yana cewa, "Baba Sule, wanga in ya mutu kai ka kashe shi."

Na uku, kuma nan ne maganar take. Shi wannan madubi ya zo da wasu 'yan notuna ƙanana kamar ƙwayar gero, na bindigar da aka yi wa mazaunin madubi tun daga kamfani. Goɗiya ba ta da wannan mazauni. Na farkon ma da roba na ɗaure shi. Na je wa mai walda, ya ce wuta za ta narkar da abin kafin ya kama. Sai na je wa Tanko baduku. Ya jiƙa fata ya ɗinke madubin a jikin bindiga kamar yadda yake ɗinka laya, fatar ta bushe ta kame gam. Aiki ya yi kyau, har da ado da koren zare. Tsofaffi da dama da suka gani, wurinsa suka tafi.

To, Shugaba ya fi ni sanin al'adarmu. Ranar jajiberin gwaji kowa na kawo makaminsa a jera, Sarkin Baka ya bi yana wanke su da tsimi. Ba a taɓa tsallake bindigar kowa ba, ni kuma ba zan zama na farkon da zai ce a ɗaga wa tawa ƙafa ba. Da ya zo kan Goɗiya ma sai ya ƙara mata, don girmama mahaifina. Fatar da aka jiƙa aka ɗinka, in ta sake shan ruwa, saki take yi. Babu wanda ya tuna da haka, daga ni har Tanko har Sarkin Baka.

Washegari a filin gwaji aka kifa ƙwarya a kan turke. Aka kira sunana. Na ɗaga, na ɗora jan ɗigo a tsakiyar ƙwarya, na riƙe numfashi, na ja kunama. Ƙwarya ko motsi ba ta yi ba. Madubin babur ɗin Magatakarda, wanda aka jingine can gefe a gindin tsamiya, shi ya tarwatse. Madubin saitin kuwa baya ya yi, ya tafi da hulata, ya faɗa cikin ƙwaryar furar 'yan kwamiti. Alhamdu lillahi ba a ji wa kowa rauni ba, kuma na lura furar ba a zubar da ita ba.

A nan take aka rubuta cewa idon Sule ya mutu. Ranka ya daɗe, idon da ya mutu ne zai ga ɗigo kamar kan allura, ya ɗora shi a kan ƙwarya? An ce mani in bi ɗigo, na bi ɗigo. In babur ɗigon yake nufi, ai sai a tuhumi ɗigo.

Na huɗu. Daga baya na kai kwalin madubin wurin surukina, tsohon soja ne a Sukuntuni. Ya juya shi ya nuna mani hoton da ke baya, wanda babu wanda ya duba a cikinmu: wasu samari ne da tabarau suna harbin juna da ƙwallayen roba suna dariya. Ya ce wannan na bindigar wasa ne. Ya ce na gaske, wanda ke jure shuri, jikinsa ƙarfe ne ba roba ba, batirinsa ba ya rawa a mazauninsa, ruwa ba ya shigarsa, kuma da ƙarfe ake zaunar da shi, ba da fata ba. Na miƙa mashi Goɗiya, na tambaye shi ko akwai wanda zai jure ta. Ya daɗe yana kallonta, ya ce zai yi bincike.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka. A soke hukuncin da aka yanke mani, a sake kifa mani ƙwarya kafin wake ya nuna, in harba da idon da Allah ya ba ni. In na kuskure, zan kawo katin da hannuna, ba sai an aiko ba. In kuma kwamiti zai sake sayen madubi, a zo da mai shagon filin gwaji, a ɗora kayansa a kan Goɗiya, ya harba da kansa a gaban jama'a. Wanda ya rage a kan bindiga bayan hayaƙi ya washe, shi za a saya. Sannan a tambayi Sarkin Baka cikin ladabi ko tsimi zai iya tsayawa a bakin bindiga kawai.

In duk wannan bai samu karɓuwa ba, ni mai biyayya ne, zan kawo ta ƙarshen wata. Sai dai ina tunatar da Shugaba cewa jiya birai sun shigo, na ɗura ta, kafin in ɗaga suka gudu. Bindigar ɗuri ba a sauke ta sai da harbi, kuma a ƙa'idar ƙungiyarmu ba a ajiye ta a ofis a ɗure: wanda ya karɓa, shi ke sauke ta da hannunsa. Doka ta ce Shugaba ne ke karɓa. Shawarata ita ce ya ci abinci sosai a ranar, ya kafa ƙafa da kyau, kada kuma ya tsaya kusa da bango.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da ƙarfin kafaɗa, ya yi mashi jagora a wannan shugabanci, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a garuruwanmu. Amin.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sule Mai Goɗiya, Dudunni.