Gefen hoton da na yanke

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa uwa a durƙushe, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima. Yau kwana sittin da uku da rasuwarki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma akwai laifin da na yi miki wanda har yau na kasa faɗa wa Baba, shi ya sa na zauna nake rubutawa.

Inna, hotonki ɗaya ne tak a duniya. Ni na ɗauke shi, ni kuma na ɓatar da shi. Shi nake nema tun bayan addu'ar bakwai.

Kin san abin da ya sa babu wani. Ni ne ɗanki na fari, ba kya kiran sunana, ba kya haɗa ido da ni. In kina son ruwa sai ki juya wajen bango ki ce, "Wani ya ɗebo mana ruwa," alhali ni kaɗai ne a tsakar gidan. Ranar da muka gama jami'a kin zo har Kano da kwanon dambu, amma da aka ce a tsaya hoto sai kika tura ƙanwata Habiba ta tsaya a madadinki. Na duba katin zaɓenki. Shekarun da ya yi a ƙulle a bakin zani sun cinye fuskar, sai inuwar ɗankwali kawai.

Bayan na dawo Kademi ina jiran kiran bautar ƙasa, na shiga wani zaure na waya, na masu ɗaukar hoto don sha'awa daga Gaya da Ajingi. Mu arba'in da bakwai ne, shida mata. Kowace Juma'a mutum zai saka hoto ɗaya. Dokar ita ce ba a cewa "Masha Allah" a wuce, sai ka faɗi abin da ya yi kyau da abin da za a gyara. Shugabanmu Malam Tasi'u ne, malamin firamare a Toranke. In ya ga gyara, sai ya sauke hoton a wayarsa, ya zana ja a kan wurin, ya dawo da shi zaure kowa ya gani. Sau goma sha ɗaya na saka hoto, sau goma sha ɗaya ya dawo da ja.

A makon da aka ce kowa ya ɗauko haske, na tarar da Habiba tana shiƙar wake bayan la'asar. Rana ta shigo ta saman katanga, ta kama ƙaiƙayin da ke tashi. Na durƙusa na ɗauka. Daidai lokacin kika fito daga madafi da ƙwarya a hannu, kika shigo ta gefen hagu. Na gan ki a ciki, na ɗan yi jim, amma hasken ya ruɗe ni, na saka.

Ko minti ashirin ba a yi ba hoton ya dawo. Malam Tasi'u ya murje ki da ja daga goshi zuwa haɓa, ya rubuta: "Auwalu, yau ka kama haske. Sai dai matar nan ta gefe tana ɗauke ido, yanke ta." Wani ya ce ai baƙuwa ce ta shigo ba sallama, aka yi ta dariya. Ban ce mahaifiyata ce ba. A lokacin na farga cewa maza arba'in suna kallon fuskar da ni kaina ba na ɗaga ido in kalla.

Abin da ke cina shi ne ban yi gaggawa ba, komai a tsanake na yi shi. Na goge hoton daga zauren ta yadda zai fita daga wayar kowa. Na bi Malam Tasi'u ta gefe na roƙe shi ya goge mai jan, ya goge bai tambaye ni dalili ba. Na yanke gefen hagu. Waya ta tambaye ni ko in ajiye sabon daban ko ya maye gurbin tsohon, na zaɓi ya maye gurbinsa. Har kwandon sharar wayar na shiga na share. Gani nake mutuncinki nake karewa.

Na sake sakawa babu ke, aka zaɓe shi hoton mako. Da na zo ina ba da labari, kika ce wa Habiba, "To, Allah ya sa albarka. A ce masa tuwo na hucewa."

Wata biyar bayan nan zazzaɓi ya kama ki. Kwana huɗu.

Da aka watse daga zaman makoki na koma zauren na faɗi gaskiya. Na ce matar nan ta gefe ita ta haife ni, ta rasu, duk wanda yake da hoton farko ya taimake ni. Wanda ya yi barkwancin sallama ya kira ni yana ba da haƙuri, na ce masa ba shi da laifi, don ba shi da shi. Na rubuta sunayen mutum arba'in da shida a bayan littafina, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Arba'in da uku sun amsa. Biyu layinsu a kashe, ɗaya ya fita daga zauren tun bara. Babu wanda yake da shi.

Sai wata Maryam daga Balan ta tuna ta taɓa ɗaukar hoton allon wayarta a ranar, don ta ajiye wani bayani da aka yi kan haske. A can ƙasa ga hoton mai ja, bai fi girman babban yatsa ba. Ana ganin ƙwaryar, ana ganin kunnenki na dama da ɗankwalinki mai ruwan ƙasa. Sauran duk ja ne.

Mutanen kirki ne, Inna, ina so ki san haka. Wani daga cikinsu ya saka shi a wata manhaja da ke cike inda ya ɓace a hoto, ya turo a zaure. Wata mata ce ta fito, fara, fuska sumul, haƙora a jere, sanye da ɗankwalinki, riƙe da ƙwaryarki. A zauren da ba a taɓa barin hoto ya wuce ba gyara ba, mutum talatin da ɗaya suka rubuta "Masha Allah". Ba wanda ya ce a gyara komai. Ni kaɗai na san ba ke ba ce, kuma na kasa faɗa, don sun ɗauka sun share mini hawaye.

Habiba ta karɓa ta sa a fuskar wayarta. Na ce mata wannan ba Inna ba ce, ta ce ta sani, amma ya fi babu. Shekaranjiya muka yi musu a kan tabon da tafasasshen man gyaɗa ya yi miki. Na ce a saman girar hagu yake, ta ce dama. Ni da ban taɓa manta lambar jarrabawata ba, na tsaya na rasa tabbas. In na rufe ido in tuno ki, matar nan ce take fara zuwa, sai na yi da gaske nake ture ta. Kullum tana ƙara saurin zuwa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Hanya ɗaya ta rage. Malam Tasi'u ya ce tunda sai ya sauke hoto yake zana ja, mai yiwuwa na asalin yana cikin tsohuwar wayarsa, wadda ta faɗa ruwa da damina ta daina kawo wuta. Shi da kansa ya hau babur daga Toranke ya kai ta wajen mai gyara a Gaya. Da muka haɗu ya kasa kallona, ya ce tun ranar da na yi magana bai sake zana wa kowa ja ba. Mai gyaran ya ce ba ya alkawari, in ruwa ya ci cikin to babu abin da zai fito. Ranar da ya sa mini in dawo jibi ce. Na je jiya duk da haka, na zauna a bencinsa har ya gaji da ni.

Akwai abin da ban faɗa wa zauren ba, ban faɗa wa Habiba ba. A hoton nan ba wucewa kawai kike yi ba. Kin juyo. Kin ɗauka hankalina yana kan waya, sai kika tsaya kina kallona kai tsaye, kallon da ban taɓa gani ba a shekara ashirin da huɗu. Ban san haka kike kallona in ban sani ba. Na ga wannan na tsawon yammaci ɗaya, sannan na sa yatsa na yanke don wani ya ce yana ɗauke ido.

Ki yafe mini saka ki a gaban mutane. Ki yafe mini shirun da na yi da aka yi dariya. In wayar ta tashi, ba zan saka a zaure ba, ba zan bari a gyara komai ba. Zan wanke guda biyu, ɗaya nawa ɗaya na Habiba. In kuma ba ta tashi ba, ban san yadda zan yi ba, Inna. Wallahi ban sani ba.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi. Allah ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. In hoton ya tafi ke nan, Allah ya bar mini fuskarki a zuciya yadda take, da tabonta a inda yake, har ranar da za mu haɗu in gane ki da kaina.

Ɗanki,
Auwalu
Kademi