Shekarun Inna

Jidda, daren Talata, Sha'aban 1388

Yau muna jiran kaya a bakin teku, Baturen da nake tuƙawa ya ba ni labarin littafin da yake karantawa. Wai tarihin Ingila na can da, sufayen Nasara ne suka rubuta shi a gidajen ibadarsu, kowace shekara da abin da ya faru: bana sarki ya mutu, bana an yi yunwa, bana 'yan fashin teku sun ƙone gari. In wannan ya rasu, wani ya ɗauki alƙalamin.

Sai Inna ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta. Haka take jera mana shekaru a Sudan tana gyaran rama: shekarar fara, shekarar da jakinmu ya mutu a Wadai, shekarar tsinkar auduga a Jazira.

Na ce, "Ai mu ma muna da namu."

Ya ce, "Wa ya rubuta?"

Haushi ya kama ni, na tayar da mota.

Bayan isha na fara jera wa 'yata Zainabu shekarun Inna. Tsakanin jaki da auduga na kakare.

Ta ce, tana haɗa Larabci da Hausa, "Yalla Baba, wa ba'adain? Sai me?"

Wadda ta sani tana kwance a Sudan, ba wanda ya ɗauki alƙalaminta.