Abin da Kika Faɗa wa Ummi a Waya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Wani abu ya same ni a makarantar jikarki Ummi, ya hana ni sakat, kuma ke na saba kai wa irin wannan.

Ummi ta girma, Inna, har ta kamo ni a tsawo. Tun bara ta ƙwallafa rai a kan wani fim ɗin zane na Japan mai dogon zango, irin wanda suke kira anime, duk aljanu da fatalwa. Matanmu Hausawa na unguwar Cheras, a nan ƙasar Malayawa, suka yi masa caa, wai yana ɓata tarbiyya. Ni ma na sa baki, alhali ko kashi ɗaya ban taɓa zama na kalla ba. Babanta ne ya karanta mana abin da masu sharhi suka rubuta. Sun yaba zanen da kiɗan, amma yawancinsu sun ce ƙarshen bai yi armashi ba. Wai an yi ta tsorata mutane, ashe fatalwar kakar yarinyar fim ɗin ce, tana kiran ta da wani tsohon yare da yarinyar ba ta ji.

Makon jiya makarantarsu da ke unguwar Sentul ta gayyaci iyaye, ɗalibai za su karanta sharhin da suka rubuta a kan finafinai. Na tafi da maƙwabciyata Maman Khalil, wadda ta fi kowa zafi a kan fim ɗin.

Ummi ta hau dandamali, ta ce masu sharhin sun yi kuskure, ƙarshen ne ya fi komai ban tsoro. Ta ce ita ma tana da kaka a Kano, wadda aka sa mata sunanta. Sai ta kawo labarin ranar da kika kira daga gadon asibiti, na miƙa mata waya. Kin daɗe kina magana, ita kuma tana ta cewa “na'am, na'am,” don iya Hausar da ta iya ke nan. Ta ce har yau ba ta san abin da kika faɗa mata ba.

Aka yi ta tafi. Wata Bamalayiya a gefena tana share hawaye. Maman Khalil ta sunkuyar da kai, don nata 'ya'yan ma Turanci da Malayanci suke mayar mata. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muryarki na tuna, duk zuwanmu hutu kina cewa, “Ki riƙa yi mata Hausa ko ba ta amsa ba.” Nakan ce miki za ta koya in mun dawo gida.

A jirgin ƙasa muna komawa, Ummi ta tambaye ni a hankali ko na ji abin da kika ce mata ranar. Inna, ban ji ba. Ina miƙa mata wayar na koma kicin, kada miya ta kama. Na kira ƙanwarki Gwaggo Ladi da ta yi jinyarki, ta ce lokacin ta fita karɓo magani. Ke kaɗai kika san maganar, kin kuma tafi da ita.

Yanzu Ummi takan tsaya kusa da ni ina girki, tana tambayar sunan kowane abu. Ludayi yana ba ta wahala, tsintsiya kuwa ta gagare ta. Ba na yi mata dariya.

Ki yafe mini, Innata. In addu'a kika yi mata, Allah Ya karɓa ko da ba ta san ta ce amin ba. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da ita a Aljanna, ki maimaita mata ta ji.

'Yarki mai kewarki,
Bilkisu