Sawun Auta a siminti

Yaya,

Magina sun zo bayan fitarka, sun farfasa tsohon simintin ƙofar gida sun zuba sabo. Karatu ya ɗauke min hankali, ban tsaya a kansu ba, har suka sa guduma inda marigayi Auta ya taka yana shekara uku. Dunduniya da yatsu biyu kawai na tsinto, na naɗe a ɗankwalina. Tun ɗazu nake jin gudun ƙafa ba takalmi a bakin ƙofa, in na leƙa ba kowa.

Na tafi makaranta. Ka yayyafa wa simintin ruwa da yamma. In Umma ta riga ni dawowa, don Allah kar ka ce mata komai. Ni ta bar wa amanar wurin, ni zan faɗa mata.

Ƙanwarka