Faisal a Bakin Kwamin Ruwa

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Ina gaisuwa. Yaya ciwon ƙafar, yaya Anti Rabi da yara? Mu nan unguwar Tandabawi a Makka lafiya, sai dai gidan ba daɗi.

Faisal ne ya turo mana bidiyo daga Japan inda yake karatu. Abokansa sun kai shi wani tsohon wurin bautarsu a kan dutse, cikin dogayen itatuwa. A bakin ƙofar akwai kwamin ruwa da ludayi, kowa sai ya wanke hannu ya kuskure baki. Shi ma ya yi. Babansa na gani ya jefar da wayar ya ce, "Yaron da aka haifa kusa da Harami ne yake alwala a gidan gunki?"

Faisal ya rantse kallo kawai ya je, bai rusuna wa komai ba. Ni na yarda da ɗana. Amma uban ya daina ɗaukar wayarsa, ya kuma hana a ambaci sunansa a gidan.

Yaya, maganarka kaɗai baban Faisal yake ji. Don Allah ka kira shi, ka kuma sa mu a addu'a. Ka gaishe da Inna, amma kada ta ji.

Ƙanwarka,
Hadiza