Matar da Take Daka Acca a Yariko

Ni Juliana Pam, mazauniyar unguwar Thamesmead a ƙasar Turawa, na rubuta wannan a watan Maris na 1991 da hankalina garau, jiki ne kawai ya gaji. Zuwa ga 'ya'yana, Jang da Choji.

Na ɗaya. Flat ɗin da nake haya na council ne, wato ƙaramar hukuma, ku mayar musu da makulli. Tukwanena da zannuwana na maƙwabciyata Anatu ne, wadda take dama mini kunu tun da na kwanta.

Na biyu. Tun Kirsimeti ba ku yi wa juna magana ba. Jang, kai soja ne, da za a tura ka yaƙin Iraƙi ka ce ai Ubangiji da kansa ya umarci Joshuwa ya hallaka Yariko. Choji, ka ce ba za ka durƙusa wa wanda ya sa a kashe jarirai ba, ka ture kwano ka fita. Na tambayi fastoci. Ɗaya ya ce hukunci ne kan muguntar Kan'aniyawa, na zamaninsa kaɗai. Wani ya ce misali ne na yaƙar zunubin zuciya. Babanku kuwa, da yake raye, ya kan ce tun da Yesu ya sa Bitrus ya mayar da takobi kube, ba a sake ba kowa izinin zarowa ba. Ban san mai gaskiya ba.

Amma kwanan nan, in maganin asibiti ya ɗauke ni, ina ganina cikin masu zaga ganuwar Yariko. Ta siminti ce kamar benayen nan namu, hazon kogi ya lulluɓe ta. Daga ciki ina jin wata mace tana daka acca, tana waƙa irin ta kakarku a garinmu Vom. Ana miƙo mini ƙaho in busa ganuwar ta faɗi, sai numfashi ya ƙi. Ina so dai in ji ƙarshen waƙar.

Na uku. Jang, Allah ya dawo da kai lafiya; kada ka ɗora masa abin da gwamnati ta sa ka. Choji, je ka majami'a da tambayarka, ba ta fi ƙarfin Allah ba.

Na huɗu. Ku binne ni a nan. Ku biyu za ku riƙe gaban akwatin, kafaɗa da kafaɗa.

Duk Lahadi ku ci tuwo tare, ku yi gardamarku a bakin kwano ɗaya, kada wanda ya tashi sai an gama. Salamar Almasihu ta zauna a gidajenku. Na yafe muku, ku yafe mini.